Gaggawar Ƙarya A Wurin Aiki: Hukuncinta Da Yadda Ake Zama Da Mai Ita

 

Ya 'yan'uwa masu karatu, darasinmu na wannan mako ya taso ne daga wata tambaya da wani yaro ya kawo mini. Na kira shi yaro domin a gabana ya yi karatun allo, amma yanzu magidanci ne mai 'ya'ya biyu. Mutumin Rurum Tsohon Gari ne, ta ƙasar Rano, kuma Allah ya ba shi aiki a Abuja, a wani banki, sashen da ke shirya wa manyan kamfanoni takardun neman jari. Ya same ni bayan La'asar, muka gaisa, ya daɗe a sunkuye, sa'an nan ya ce:

"Allah gafarta Malam, ina da manaja wanda kome nasa na gaggawa ne. Kwanan baya aka aiko mini tsohuwata ba ta da lafiya, na nemi izinin zuwa gida ranar Juma'a, ya yarda. Ranar Alhamis da magariba ina tattara kayana sai ya miƙo mini aiki, ya ce masu kamfanin suna jiransa Litinin da sassafe, in aka kuskure ciniki ya ɓaci. Na fasa tafiya. Kwana uku ban yi barcin kirki ba, har sallar Juma'a ta wuce ni ina kan kujera. Litinin da asuba na aika masa. Bayan kwana goma sha ɗaya ya kira ni yana tambaya ina aikin nan, watau ko buɗe shi bai yi ba. Daga baya na ji ashe ƙarshen wata masu kamfanin suka ambata. Wannan kuwa ba shi ne na farko ba. Shin ina da laifi in na daina gaskata shi? Kuma wajibi ne in bi shi duk lokacin da ya ce a yi maza?"

Tsohuwar ta warke, alhamdu lillahi. Amma ya ce da ya isa gida daga baya, abin da ta fara tambayarsa shi ne, shin garin da yake aiki ba su da Juma'a ne? Ya ce wannan tambaya ta fi kwana ukun yi masa ciwo.

Kafin mu shiga hukunci, ya kamata mai karatu ya san irin aikin da ake magana a kai. Bankin zuba jari ba kamar wanda muke kai ajiya ba ne. Dillali ne tsakanin mai neman kuɗi masu yawa da masu kuɗin da ke neman inda za su juya su. In kamfani zai sayar da hannun jari, ko gwamnati za ta karɓi rance daga jama'a, su ne ke yin lissafi, su ƙiyasta daraja, su rubuta takardu, su nemi amincewar hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari, sa'an nan su karɓi la'ada. Irin wannan aiki ne aka yi a 2017 lokacin da Gwamnatin Tarayya ta fitar da Sukuk ɗinta na farko, na Naira biliyan 100, domin gyaran hanyoyi. La'adar tana da tsoka, masu nemanta suna da yawa, saboda haka sana'a ce da aka san ta da kwanan zaune a duk duniya. A 2013 wani ɗalibi ɗan shekara 21 da ke koyon aiki a wani babban banki a Landan ya rasu bayan ya yi kwanaki yana aiki ba hutu. Bincike ya nuna farfaɗiya ce ta kashe shi, aka kuma ce mai yiwuwa gajiya ta taimaka. A 2021 wasu ƙananan ma'aikata 13 na bankin Goldman Sachs a Amurka suka rubuta kokensu, suka ce suna aikin kimanin awa 95 a mako, barcinsu kuwa awa 5 a dare. A 2024 bankin JPMorgan ya kafa wa ƙananan ma'aikatansa iyakar awa 80 a mako, sai fa in ana tsakiyar wani ciniki. Mai karatu ya lura, awa 80 ɗin ita ce sassaucin.

To, abin da nake so mu riƙe a wannan darasi guda ɗaya ne. Wa'adi labari ne. Wanda ya ce maka "ana jiran wannan gobe" ya ba ka labarin wani abu da ke faruwa a duniya, labari kuwa ko dai gaskiya ne ko ƙarya. Mutane da yawa ba sa ɗaukar wa'adin da aka ƙaga a matsayin ƙarya, suna kiransa dabarar shugabanci. Shari'a ba ta san wannan suna ba. Wuraren da aka yi rangwamen faɗin abin da ba haka yake ba sanannu ne a hadisi: yaƙi, da sulhu tsakanin masu gaba, da zancen miji da mata don gyaran zama. Matsa wa ma'aikaci ba ya cikinsu. In manaja ya ce, "Ni nake so ka gama mini wannan gobe don in samu lokacin dubawa," ya faɗi gaskiya, kuma yana da ikon faɗin haka. Amma in ya jingina maganar ga mutanen da ba su faɗe ta ba, ya yi ƙarya biyu ke nan: ya yi wa ma'aikacinsa, ya kuma yi wa waɗanda ya laƙa wa maganar.

Kada wani ya fahimci cewa Musulunci yana gaba da hanzari. Alƙur'ani ya yi umurni da rige-rige zuwa ga alheri, ya kuma zargi ɗan Adam da yawan gaggawa, kamar yadda ya zo a Suratul Isra'i aya ta 11 da Suratul Anbiya'i aya ta 37. Bambancinsu shi ne, hanzari yin abu ne da zarar lokacinsa ya yi, gaggawa kuwa neman abu ne tun lokacinsa bai yi ba. Magabata sun lissafa abubuwan da ake so a hanzarta, kamar binne mamaci, da ciyar da baƙo, da biyan bashi in wa'adinsa ya cika, da tuba. Hadisi ya ƙara da biyan ɗan ƙwadago ladansa tun guminsa bai bushe ba. Na kuwa lura, a zamana da mutane, shugaban da ya fi kowa cewa a yi maza wajen aiki, sau da yawa shi ne ya fi kowa nawa ranar sa hannu a takardar haƙƙin ma'aikata.

Mutumin Rurum ba ya bukatar a koya masa gaggawa ta gaskiya. Ya san ruwan shuka in ya sauka ba ya jiran kowa. Ya san tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, wadda aka fara zamanin Gwamna Audu Bako, noman rani ya bunƙasa a Kadawa da Kura da Bunkure, kuma wanda ya tsinke tumatir ya kai kasuwar Kwanar Gafan bai isa ya ce sai mako mai zuwa zai sayar ba. Wannan gaggawa ce da kowa ke gani da idonsa: an san mafarinta, an san abin da zai lalace in aka yi jinkiri. A banki ma akwai irinta. Ranar 6 ga Yuli, 2004, Gwamnan Babban Bankin Nijeriya, Charles Soludo, ya ce kowane banki ya ɗaga jarinsa daga Naira biliyan 2 zuwa biliyan 25 kafin ƙarshen Disamba, 2005. Wa'adin ya cika, bankuna 89 suka koma 25. A watan Maris na 2024 Babban Bankin ya sake yanka wani wa'adin, na shekara biyu, zuwa 31 ga Maris, 2026, inda ya nemi biliyan 500 daga bankunan da ke hulɗa da ƙasashen waje. Wa'adi irin wannan yana da mai shi, yana da rana, yana rubuce, kuma ba ya jin haushin a tambaye shi. Na ƙarya kuwa ba shi da uba. In ka ce wane ne ke jira, sai a ce "manya". In ka ce yaushe, sai a ce "tun jiya". In ka ƙara tambaya, sai a ɗaure fuska.

Malamanmu na Malikiyya sun yi magana a kan wannan tun kafin a san banki. A Risala ta Ibnu Abi Zaidin an sharɗanta wa ijara, watau ɗaukar mutum aiki da lada, a yanka mata lokaci a kuma ambaci ladan. A Muhtasar na Shaihu Halilu kuwa akwai wata mas'ala da ɗalibai kan wuce ta da sauri, alhali tana da zurfi. Ita ce a haɗa wa ma'aikaci aiki da lokaci gaba ɗaya, kamar a ce wa tela, ɗinka mini wannan riga yau ɗin nan a kan kaza. In yinin daidai yake da aikin, ba sarari ko kaɗan, ƙullin ya ɓaci. In kuwa akwai yalwar lokaci, malamai sun yi saɓani. Dalili shi ne kada mutum ya wuni yana wahala, rana ta faɗi saura ƙiris, a ce ya saɓa sharaɗi. Watau shari'a tana kallon ƙurarren lokaci a matsayin haɗari da ake ɗora wa mai rauni, ko da kuwa lokacin na gaskiya ne. Ina kuma ga wanda aka ƙirƙira?

Sai dai adalci ya sa mu faɗi ɗaya ɓangaren. Mai albashi lokacinsa ya sayar, kuma al'adar sana'a tana cikin sharaɗi. Wanda ya karɓi aikin bankin zuba jari ya san akwai dararen da ba za a kwana gida ba, saboda haka in ciniki na gaske ya matso, wajibi ne ya tsaya ya cika amana ba tare da ƙunƙuni ba. Abin da bai sayar ba shi ne lafiyarsa, da sallarsa, da haƙƙin iyayensa da iyalinsa, a kan bukatar da babu ita. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana a ɗora wa na ƙasa abin da ya fi ƙarfinsa, ya ce in an ɗora masa to a kama masa. Buhari ya ruwaito wannan daga Abu Zarri. Muslim kuma ya ruwaito daga Nana A'isha cewa ya yi addu'a Allah ya tsananta wa wanda ya jiɓinci wani al'amari na al'ummarsa ya tsananta musu, ya kuma sassauta wa wanda ya sassauta. Duk mai ma'aikaci ko da ɗaya ne a ƙarƙashinsa ya kamata wannan addu'a ta hana shi barci fiye da kowane wa'adi.

Yanzu ga amsar tambayarsa ta farko. Ba shi da laifi in ya daina karɓar maganar manajan ido rufe. Suratul Hujurati aya ta 6 ta yi umurni da bincika labari kafin a yi aiki da shi, don kada a cuci wasu a kan jahilci a zo ana nadama. Mafi yawan malaman tafsiri sun ce ta sauka ne game da jakadan da aka aika karɓar zakka wurin Banu Musɗaliƙ. Da ya hango su sun fito tarbarsa sai tsoro ya kama shi, ya juya, ya kawo labarin cewa sun hana zakka. Saura kaɗan a ɗaura musu yaƙi, sai gaskiya ta bayyana. A lura fa, tsoro ne ya haifi wannan labari. Haka nan yawancin manajoji masu wannan hali: wani tsoron na sama da shi yake ji, sai ya rage kwana goma daga wa'adi don ya kwana da kwanciyar rai, wani shi ne ya yi sakaci da takarda a kan teburinsa har lokaci ya ƙure, wani kuwa, Allah ya kiyashe mu, daɗi yake ji ya ga mutane suna rawar jiki in ya yi magana. Sanin wane iri ne naka rabin magani ne, domin matsoraci kwantar masa da hankali ake yi, mai sakaci tuna masa ake yi tun da wuri, na ukun ne kaɗai ake shirya wa haƙuri mai tsawo ko hanyar fita.

Bincike kuwa ba ya nufin tsaurin ido. Na ce wa yaron nan, in an miƙo maka aiki an ce na gaggawa ne, ka karɓa da hannu biyu, sa'an nan ka ce, "Ranka ya daɗe, wace rana ce masu shi za su zauna a kansa, don in san yadda zan tsara shi?" Wannan tambayar mai son aiki ce, ba wanda zai kama ka da laifi a kanta. In akwai wani aikin a hannunka wanda shi ma an ce na gaggawa ne, kada ka ce ba za ka iya ba, ka ajiye su biyun a gabansa ka ce, "Yallaɓai, wanne zan fara?" Zaɓin ya koma wuyansa. In ya faɗi rana, ka aika masa da ɗan saƙo a rubuce kana maimaita abin da kuka tsayar. Allah da kansa ya yi umurni da rubuta bashi a aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, ba don ana tuhumar kowa ba, sai don rubutu yana kashe gardama. Ka kuma riƙe ɗan littafi: ranar da aka ba ka aiki, ranar da aka ce ana so, ranar da aka yi amfani da shi. Bayan wata biyu ko uku, in abin da ka zata ya tabbata, ka same shi shi kaɗai, a lokacin da ransa ke sanyi, ka ce kana so ka riƙa ba shi aiki mai kyau, kuma lissafin da aka yi da ƙarfe uku na dare ba ya rasa kuskure. Nasiha a gaban jama'a tozartawa ce, babba kuwa ba ya yafe ta da wuri.

Akwai abin da na hana shi, domin na ga zuciyarsa ta fara karkata can. Ya ce abokan aikinsa sun gano maganin manajan: in sun gama aiki sai su ɓoye, in ya tambaya su ce saura kaɗan, in ya kira da dare su ce suna asibiti. Na ce masa wannan ƙarya ce ta auri ƙarya, abin da za su haifa kuwa shi ne ofishin da ba wanda ya san gaskiyar lokaci a cikinsa. Ranar da gobara ta gaske ta tashi, kowa zai ɗauka irin ta kullum ce.

Game da tambayarsa ta biyu, biyayya tana da iyaka, iyakar kuwa ita ce saɓon Allah. Salla ba ta faɗi ba ko a fagen fama. Suratun Nisa'i ta koyar da yadda ake yin ta ana fuskantar maƙiyi. Suratul Jumu'ati ta yi umurni a bar ciniki in an yi kira, har ma a mazhabarmu cinikin da aka ƙulla bayan kiran salla na biyu warware shi ake yi. Saboda haka barin Juma'ar nan kuskurensa ne shi, ba na manaja kaɗai ba, na kuwa faɗa masa haka. Ya yi istigfari, gaba kuma ya sanar tun da safe cewa daga ƙarfe kaza zuwa kaza yana masallaci. Sanarwa ce cikin ladabi, ba roƙo ba.

Amma wurin da na fi jin tsoro ba nan ba ne. Gaggawar ƙarya ba ta tsayawa a ofis, gangarowa take yi kamar ruwan tudu. Manaja ya matsa wa ma'aikaci, ma'aikaci ya matsa wa mai saye. Waɗanda suka yi wayo a 2006 da 2007 za su tuna yadda sayen hannun jari ya zama ruwan dare, har ƙauyuka ana yawo da takardu. Na san wani dattijo a nan ƙasar Rano da wani ma'aikacin banki, ɗan garinsu, ya ce masa jibi za a rufe, wanda bai saya ba ya yi asarar rayuwa. Ya kai shanun huɗarsa biyu kasuwa ya sayar da araha, bai ko jira ya yi shawara da ƙaninsa ba. Jibin ta zo, ba a rufe kome ba. A watan Maris na 2008 ma'aunin kasuwar hannun jari ta Nijeriya ya haura 66,000. Shekara guda bayan haka ya dawo wajen 20,000. Ranar 14 ga Agusta, 2009, Gwamnan Babban Banki na lokacin, Sanusi Lamiɗo Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna 5, aka zuba Naira biliyan 420 don ceto su. Bankuna sun samu mai ceto. Dattijon nan kuwa da fartanya ya yi noman bana da na baɗi, kuma yaron da ya kawo masa takardar ya daɗe bai iya bi ta ƙofar gidansa ba. Na tabbata shi ma yaron wani ne ya ce masa jibi.

Shari'a ta hana najashu, watau mutum ya ƙara wa kaya kuɗi ba don zai saya ba, sai don ya zuga wani ya faɗa. Ƙaga ƙurewar lokaci ɗan'uwan najashu ne, domin dukansu zuga ce da abin da babu shi. Ta kuma halatta ciniki a kan zaɓi, a ba mai saye ɗan lokacin da zai jarraba kaya ko ya yi shawara. Lokacin shawarar nan shi ne ainihin abin da mai gaggawar ƙarya ke sacewa. Don haka na ce wa ɗalibina, kome matsin da aka yi maka, kada ka faɗa wa mai saye ranar da ba ka gan ta a rubuce ba, kada kuma ka sa hannu a lissafin da ba ka duba ba don an ce ba lokaci. Sa hannu shaida ce, ranar da aka zo bincike kuwa sunan da ke kan takarda ake kira, ba na wanda ya ce a yi maza ba.

In duk an yi wannan abin bai sauya ba, yana da damar kai kuka gaba, ga ofishin kula da ma'aikata ko ga wanda ke sama da manajan, da littafin nan nasa a hannu. Wannan ba giba ba ce. Malamai sun halatta wa wanda aka zalunta ya ambaci zaluncin ga mai ikon gyarawa. Ya kuma sani Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, wadda ta samo asali daga 1974, ta ba ma'aikaci hutun yini guda cikin kowane kwana bakwai, amma ta fitar da masu aikin gudanarwa da na ƙwarewa daga ma'anar ma'aikaci, saboda haka irinsa takardar ɗaukarsa aiki ce madogararsa, sai ya koma ya karanta ta da kyau. Barin aiki shi ne na ƙarshe, bayan istihara da shawara da samun wani wurin, domin mai iyali ba ya sakin reshe sai ya kama wani.

Ya dawo wurina bayan Babbar Salla. Ya ce karo na farko da ya yi tambayar nan manajan ya dube shi shiru, sa'an nan ya ce Laraba, alhali da farko Litinin ya ambata. Halin mutumin bai sauya duka ba, amma yanzu yakan je Rurum sau ɗaya a wata. Da zai tashi ya sake jefo wata tambayar, game da hukuncin albashin da ake karɓa daga bankin da ke mu'amala da ruwa, da bambancinsa da irin bankin Jaiz da ya fara aiki a 2012. Wannan ita za mu ɗauka mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.